Shehu Ahmad Baba da Zuri'ar Aƙit Tsakanin Tumbutu da Marakish

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ɗaukaka ma'abota ilimi da darajoji. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, a wannan fitowar muna son mu tuna da wani babban malami daga cikin malaman ƙasashenmu na kudancin Sahara, wato Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, Allah ya yi masa rahama. Cikakken sunansa shi ne Abul Abbas Ahmad ɗan Ahmad ɗan Alhaji Ahmad ɗan Umar ɗan Muhammad Aƙit. Duk wanda ya bi tarihin gidansu zai tarar da shi a rabe gida biyu. Wani sashe yana Tumbutu, kusa da kogin Kwara, wani sashe kuma yana Marakish ta ƙasar Maroko, alhali tsakanin biranen nan akwai fiye da kilomita 1,700 a miƙe, tafiyar wata biyu ga ayarin raƙuma. Yadda aka yi wannan rabuwa ta auku, da abin da Shehu ya yi a cikinta, shi ne abin da za mu bayyana da yardar Allah.

Asalin gidan

Mutanen gidan Aƙit daga ƙabilar Masufa suke, wani reshe na Sanhaja mazauna Sahara. Kakansu na farko, Muhammad Aƙit, ya zauna a ƙasar Masina, daga nan ya tashi zuwa Walata, sa'an nan ya sauka Tumbutu a zamanin da Abzinawa suke riƙe da garin a ƙarƙashin sarkinsu Akil. Ɗansa Umar ya auri ɗiyar babban malamin garin, Anda Ag Muhammad, Allah ya ba su ɗiya maza uku waɗanda duk suka zama malamai, su ne Ahmad da Abdullahi da Mahmud.

Wannan gida ya ɗanɗani ƙaura tun kafin a haifi Ahmad Baba. A shekarar 873 Hijiriyya, farkon 1469 Miladiyya, Sonni Ali sarkin Songai ya ci Tumbutu, ya kuwa tsananta wa malaman unguwar Sankore. Sai Akil ya kawo raƙuma dubu ya kwashe su zuwa Walata. Marubucin Tarihus Sudan, Abdurrahman Assa'adi, ya ambata cewa a ranar an ga dattawa masu gemu suna makyarkyata a gaban raƙumi, domin tun suna yara karatu kawai suka sani, ba su taɓa hawa ba. Umar ya tafi da ɗiyansa uku, Mahmud yana ɗan shekara biyar ko kusa da haka. A Walata Umar ya rasu. Mahmud ya komo Tumbutu a shekarar 1480, kuma bayan da Askiya Muhammad ya karɓi mulki, aka naɗa shi alƙalin gari a shekarar 1498. Ya yi shekara hamsin yana alƙalanci har rasuwarsa a 1548, sa'an nan ɗiyansa uku suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Muhammad, da Al'aƙib, da Umar. Ke nan shari'ar Tumbutu ta zauna a hannun gida ɗaya kusan shekara ɗari. Alƙali Al'aƙib shi ne ya sake gina manyan masallatan garin, har an ruwaito cewa da ya je aikin hajji ya auna Ka'aba da igiya, ya komo ya yi harabar masallacin Sankore bisa wannan awo.

Amma kakan Ahmad Baba, wato Alhaji Ahmad wan Alƙali Mahmud, ya yi aikin hajji a shekarar 1485, ya haɗu da Imam Jalaluddin Suyuɗi a Misira. Da ya komo ya tarar Sonni Ali yana nan kan mulki, sai ya nufo ƙasar Hausa, ya shiga Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya karantar, mutane da yawa suka amfana da shi. Mutum ne mai rubuta littattafai da hannunsa, kuma ya rasu ya bar kimanin mujalladi 700. Saboda haka alaƙar gidan nan da ƙasarmu ta Hausa tsohuwa ce.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Ahmad Baba a watan Zulhajji na shekarar 963, daidai da Oktoba 1556, a zamanin Askiya Dawuda, lokacin da daular Songai take cikin ƙarfinta. Ya buɗi ido a gidan da littafi ya fi kowace dukiya daraja. Mahaifinsa, Ahmad, malamin fiƙihu ne da hadisi, ya yi fiye da shekara ashirin yana karanta Sahihul Buhari da Sahihu Muslim a masallaci cikin watannin Rajab da Sha'aban da Ramadan. Girmansa a wajen sarakuna ya kai ga cewa da ya yi rashin lafiya a Gawo, Askiya Dawuda da kansa yake zuwa cikin dare ya zauna wurinsa har Allah ya ba shi sauƙi.

Yaron ya fara nahawu a wurin baffansa Abubakar, wani bawan Allah mai gudun duniya da yawan azumi da sadaka. Wannan baffan ya je hajji, son Madina ya kama zuciyarsa, ya komo Tumbutu ya kwashi iyalinsa ya koma can ya zauna har ajalinsa. Amma malamin da ya fi kowa tasiri a kan Ahmad Baba shi ne Shehu Muhammad Bagayogo, Bawangare, wanda ya lazimta fiye da shekara goma. A gabansa ya sauke Muhtasar na Halil kusan sau takwas, ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya yi shekara uku a kan Tashil na Ibn Malik, ban da usulu da balaga da manɗiƙi da ilimin hadisi. Ya siffanta malaminsa da haƙuri wajen karantar da mai taurin kai, da kuma bayar da aron littattafansa masu tsada ga ɗalibin da bai ma san daga inda ya fito ba. Ya ɗauke shi mujaddadin ƙarni na goma a ƙasarsu.

Shekarar 991, wato 1583, ta zo wa gidan da nauyi. A farkonta baffansa Abubakar ya rasu a Madina. A watan Rajab Alƙali Al'aƙib ya rasu. A watan Sha'aban mahaifinsa yana cikin karanta Sahihu Muslim a masallaci sai harshensa ya yi nauyi, Shehu Bagayogo da ke zaune gabansa ya yi masa ishara da ya dakata, bayan ƴan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Ahmad Baba yana da shekara 27 a lokacin. Ya ci gaba da karatu da talifi, har a wajen 1588 ya rubuta littafinsa Jalbun Ni'ima, a kan wajibcin malami ya nisanci ƙofar azzaluman masu mulki. Bai san cewa ba da daɗewa ba za a kai shi wannan ƙofa a cikin mari ba.

Zuwan rundunar Maroko

Sarkin Maroko na lokacin shi ne Ahmad Almansur, wanda ya hau mulki a 1578. Ya daɗe yana jayayya da sarakunan Songai a kan ma'adinin gishiri na Tagaza, amma abin da yake hange shi ne zinariyar da ke fitowa daga kudu, tare da da'awar cewa shi ne halifan da ya kamata dukan Musulmi su yi wa mubaya'a. A ƙarshen 1590 ya tura runduna ta kimanin mayaƙa 4,000 a ƙarƙashin Basha Jaudar, mafi yawansu ɗauke da bindigogi. Suka keta Sahara, suka gamu da rundunar Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gawo, a watan Maris 1591. Mutanen Songai sun fi su yawa nesa, amma mashi da kibiya ba su tsaya gaban harsashi ba. Askiya ya nemi sulhu a kan misƙali 100,000 na zinariya da bayi dubu, Almansur ya ƙi, ya tuɓe Jaudar, ya aiko da Basha Mahmud ɗan Zarƙun a madadinsa.

Sauran mayaƙan Songai suka janye kudu zuwa Dandi, yankin da wani sashensa yake cikin ƙasarmu Nijar a yau, suka ci gaba da turjiya a ƙarƙashin Askiya Nuhu. A Tumbutu kuwa sojojin baƙi suka rushe gidajen mutane suka gina ganuwarsu, zalunci ya yawaita, har mutanen gari suka yi bore a ƙarshen 1591. Basha Mahmud ya ga cewa kalmar da jama'a ke saurara ita ce ta Alƙali Umar da danginsa, sai ya ƙudurta kawar da su.

Ranar kamu

A ranar 24 ga Muharram 1002, daidai da 20 ga Oktoba 1593, aka kira malamai zuwa masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a ga sarki. Da suka hallara aka rufe ƙofofi, aka kama waɗanda ake so. A kan hanyar kai su ganuwa aka kashe wasu daga cikinsu. Sa'an nan sojoji suka shiga gidajensu suka kwashe dukiya da littattafai, har da amanar da mutane suka ajiye a wurinsu, suka keta alfarmar iyalinsu. Ahmad Baba ya rasa mujalladi 1,600, kuma shi da kansa ya ambata cewa a cikin danginsa shi ne mafi ƙarancin littattafai. A wannan rana ya yi wa malaminsa Bagayogo ganin ƙarshe.

Bayan wata biyar a tsare, aka fitar da su daga Tumbutu a watan Maris 1594, maza da mata da yara, a cikin sarƙoƙi, tare da Alƙali Umar wanda tsufa ya riga ya kama shi. A hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Suka isa Marakish ranar 1 ga Ramadan, 21 ga Mayu 1594, aka zarce da su wurin tsaro. Daga wannan rana zuri'ar Aƙit ta kasu biyu. Waɗanda aka bari a Tumbutu sun zauna cikin gidaje wofi, waɗanda aka tafi da su kuma ba su da labarin gida sai abin da ayari ya kawo. Ta haka labarin rasuwar Shehu Bagayogo ya iske ɗalibinsa, ƴan watanni bayan rabuwarsu.

Alƙali Umar bai daɗe ba ya rasu a farkon shekarar 1003, aka binne shi kusa da kabarin Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da muke karantawa a masallatanmu. Shi ma Alƙali Iyal an raba shi da garinsa Sabta, ya rasu a Marakish a shekarar 1149. Ɗan'uwan Alƙali Umar, Abdurrahman, shi ma a can ya cika. Haka ƙasar Marakish ta riƙa karɓar mutanen Tumbutu ɗaya bayan ɗaya.

Zamansa a Marakish

A watan Ramadan 1004, Mayu 1596, aka sake su bisa sharaɗin kada su bar garin. Malaman tarihi na Maroko, musamman Al'ifrani, sun ruwaito yadda Ahmad Baba ya shiga wurin Almansur. Ya tarar sarki yana magana da mutane ta bayan labule. Sai ya tunatar da shi cewa yin magana ta bayan shamaki abu ne da Allah ya siffanta zatinsa da shi a cikin Suratus Shura, bai dace ga bawa ya kamanta kansa da Ubangiji ba, in yana da magana ya sauko. Sarki ya sa aka ɗage labulen. Shehu ya tambaye shi dalilin da ya sa aka washe kayansa, aka watsa littattafansa, aka ɗauro shi tun daga Tumbutu har ya karye. Sarki ya amsa da cewa manufarsa haɗa kan Musulmi ne, su kuwa manya ne a ƙasarsu, in suka bi kowa zai bi. Shehu ya ce to me ya hana shi farawa da Turkawan Tilimsan, waɗanda suka fi kusa da shi. Sarki ya kafa hujja da hadisin da ya yi umurni a bar Turkawa muddin sun bar mutane, Shehu ya mayar masa da wata magana ta Ibn Abbas, har sarki ya yi shiru, majalisa ta watse. Wannan tsayuwa ta mutum ce wanda ba shi da runduna, ba shi da dangi masu ƙarfi a garin, yana kuma hannun wanda yake yi wa magana.

Da labarin iliminsa ya bazu, malaman gari suka matsa masa ya zauna ya karantar. Ya zauna a masallacin Shurafa'u da ke unguwar Mawasin, yana karantar da Muhtasar da Muwaɗɗa da Buhari da Muslim da Ashafa da Alfiyar Iraƙi da Hikam na Ibn Aɗa'illah. Cikin masu zama gabansa akwai alƙalin Fas, Ibn Abi Nu'aim Algassani, da alƙalin Miknas, Ibnul Ƙadi, da muftin Marakish, Arrajraji, wasunsu sun girme shi. Almaƙƙari, wanda daga baya ya wallafa Nafhuɗ Ɗib, ya sadu da shi ya karɓi ijaza daga gare shi. Tambayoyin fatawa suka riƙa zuwa masa da baki da kuma a rubuce. Duk da wannan girma zuciyarsa tana Tumbutu, har ya yi baitoci na begen garinsu da ƴan'uwansa da malamansa da suka riga mu gidan gaskiya.

Littafin da ya tara dangi

A Marakish ya kammala littafinsa mafi shahara, Nailul Ibtihaj, a shekarar 1005, wato 1596. Cikon littafin Addibaj ne na Ibn Farhun, wanda ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya. Ahmad Baba ya kawo waɗanda Ibn Farhun ya tsallake da waɗanda suka zo bayansa, kimanin mutum 800. A shekarar 1603 ya taƙaita shi, ya yi masa ƙari, ya kira shi Kifayatul Muhtaj.

Abin lura a nan shi ne, a tsakanin malaman Andalus da Fas da Tunis da Alƙahira ya sanya kakansa da mahaifinsa da baffanninsa da malaminsa Bagayogo, kowanne da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, da malamansa, da abin da ya karanta, da halinsa. Gidan da Basha Mahmud ya watsa, sai ga shi ya taru a cikin takarda. Da bai yi haka ba, da mafi yawan abin da muka faɗa a sama ya ɓace, domin shi kansa Assa'adi daga wurinsa ya ɗauko tarihin waɗannan malamai.

Mu ma mutanen Nijar muna da rabo a cikin littattafan nan. A ciki ne aka adana labarin Shehu Al'aƙib na Anu Samman, kusa da Takadda a yankin Ingal, wanda ya yi karatu wurin Almagili da Suyuɗi, da labarin Annajib ɗan Muhammad, shi ma mutumin Takadda. A ciki aka ambaci tafiyar Shehu Almagili zuwa Abzin da Takadda da Kano da Katsina da Gawo, da labarin Muhammad Attazahti wanda ya yi alƙalanci a Katsina ya rasu a wajen 1529, da Mahluf Albalbali wanda ya karantar a Kano da Katsina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amfana da waɗannan bayanai a cikin Infaƙul Maisur.

Komowa gida

Annoba ta shiga Maroko a waɗannan shekaru, ta ci mutane masu yawa, har ta ɗauki Almansur kansa a watan Agusta 1603. Ɗiyansa suka shiga yaƙi da juna a kan gadon sarauta. Ɗaya daga cikinsu, Maulaya Zaidan, shi ne ya yi wa mutanen Tumbutu da suka saura izinin komawa. An ruwaito cewa manyan ɗalibai sun raka Shehu bayan gari, wani daga cikinsu ya riƙe hannunsa ya karanta ayar nan ta ƙarshen Suratul Ƙasas, wadda aka saba karanta wa matafiyi don fatan ya komo lafiya. Sai Shehu ya fizge hannunsa, ya roƙi Allah kada ya sake mayar da shi wannan wuri. Bai faɗi haka don ƙin ɗalibansa ba, sai don ɗacin abin da aka yi masa da danginsa.

Ya isa Tumbutu a shekarar 1016, farkon 1608, bayan shekara goma sha huɗu. Ya fita yana da shekara 37, ya komo ya haura hamsin. Ya bar kaburburan manyan gidansu a Marakish, ya tarar alƙalanci ya fita daga hannun zuri'arsu, malaminsa yana cikin ƙasa, littattafansu sun watse. Garin kuma yana hannun sojojin da suka kama shi, waɗanda suka zauna suka auri matan ƙasar, suka haifi jama'ar da ake kira Arma, kuma bayan ƴan shekaru suka riƙa naɗa shugabansu da kansu ba tare da jiran Marakish ba. Ke nan yaƙin Almansur ya raba zuri'a ta fuska biyu, ya kai ɗiyan Tumbutu arewa, ya bar ɗiyan sojojinsa a kudu.

Fatawarsa game da bauta

Shehu ya koma kan buzunsa yana karantarwa yana bayar da fatawa. A shekarar 1024, wato 1615, mutanen Tuwat, wata matattarar ayari a cikin Sahara, suka aiko masa da tambayoyi game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Amsar da ya ba su ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Ya bayyana cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta a shari'a ba, babu bambanci tsakanin baƙi da fari a cikin hukuncin, ya kuma raunana labarin da wasu ke kafa hujja da shi na cewa an la'anci zuri'ar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya lissafa ƙasashen da mutanensu suka karɓi Musulunci da son ransu tun da daɗewa, irin su Barno da Kano da Katsina da Gobir da Songai, ya ce mutanensu ɗiyan halas ne, mallakarsu ba ta halatta ta kowace fuska. Ya koka a kan yadda sarakunan Katsina da Kano ke kai wa juna hari suna sayar da waɗanda suka kama, alhali addininsu ɗaya, harshensu ɗaya. Ya bi hukuncin Alƙali Mahmud, ƙanen kakansa, cewa wanda aka kama ya yi da'awar shi ɗa ne daga ƙasar Musulmi, a karɓi maganarsa har sai mai riƙe da shi ya kawo hujja.

Gaskiya ne Shehu ya yi magana a cikin iyakar fiƙihun zamaninsa, bai soke bauta daga tushenta ba. Amma wanda aka ɗaure aka keta Sahara da shi, ya zauna shekaru a garin da ake sayar da baƙaƙen mutane a kasuwa, ya san abin da yake faɗa. Katsinawa da Gobirawan Maraɗi da Tsibiri su sani cewa kakanninsu ne yake karewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya kafa hujja da wannan littafi a cikin rubuce-rubucensa, shekara kusan ɗari biyu bayan haka.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah ya karɓi ransa a Tumbutu ranar 6 ga Sha'aban 1036, daidai da 22 ga Afrilu 1627, yana da shekara saba'in. Ya bar littattafai fiye da arba'in a fannin fiƙihu da nahawu da tarihi da sauransu, wasu kwafinsu yana ɗakunan ajiya na Maroko, wasu yana Mali, kamar yadda danginsa suka kasu. Fadar Albadi'u da Almansur ya ƙawata da zinariya da marmara, wani sarki da ya zo bayansa, Maulaya Isma'il, ya kwashe kayanta, ta zama kango. Nailul Ibtihaj kuwa an buga shi a Fas da Alƙahira da Tarabulus, ɗalibai suna komawa gare shi.

A shekarar 1973 aka buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen hannu a Tumbutu, aka sa mata sunansa. A watan Janairu 2013 wasu masu ɗauke da makamai suka ƙona kimanin rubuce-rubuce 4,000 a cikinta, amma mafi yawan dukiyar ta tsira, domin mutanen gari sun riga sun fitar da ita a ɓoye zuwa Bamako cikin akwatuna. Jarrabawar da ta sami littattafan Shehu a 1593 ta sake samun littattafan garinsu bayan shekara 420.

Abin da ya kamata mu ɗauka

Ya ku ƴan'uwa, kaɗan ne daga gidajenmu waɗanda ba su da reshe a wani gari mai nisa. Wani kakansa ya tafi hajji a ƙasa ya tsaya a Sudan ko Makka, wani baffansa ya bi fatauci zuwa Kumasi ko Abijan, wani kuma iyaka ce ta ratsa tsakaninsa da danginsa na Katsina ko Daura. Tsofaffin da suka san sunaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikoki suna tashi ba su san juna ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma sada zumunta wajibi ne da shari'a ta tsananta a kansa, ba ya yiwuwa kuwa sai an san nasaba. Shehu Ahmad Baba, da aka hana ƙafarsa tafiya, ya sada zumuntarsa da alƙalami. Duk wanda Allah ya ba shi iya rubutu, da ajami ko da boko ko da Larabci, ya zauna gaban dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta wane ya haifi wane, ina ya tafi, a ina aka binne shi, wa ya karantar da shi. Wanda kuma ya gaji littattafan kakanninsa a cikin gafaka, ya kiyaye su daga gara da ruwa da wuta, ya bar masu ilimi su duba su.

Ga malamanmu kuma, abin koyi ne cewa wannan bawan Allah ya rubuta hukuncin nisantar azzalumai yana cikin ni'ima, ya kuma tsaya a kansa yana cikin ƙunci. Ya faɗa wa sarki gaskiya a fadarsa, amma bai hana mutanen garin sarkin iliminsa ba, domin ya san laifin mai mulki ba ya hawa kan ɗalibi.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Shehu Ahmad Baba da iyayensa da malamansa, waɗanda ke kwance a Tumbutu da waɗanda ke kwance a Marakish da Walata da Madina, ya tara su a gidan da babu rabuwa a cikinsa. Ya mayar da kowane baƙo gidansu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu cikin aminci, ya amfane mu da abin da muka karanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.